Wayar iska a cikin kunne: na'urar dashen ji da matsalar karin sautin Hausa

1. Gabatarwa

Ƙasar Dakoro, a arewacin jihar Maraɗi, tana cikin yankin da likita Léon Lapeyssonnie ya zana a 1963 ya kira shi ɗamarar sanƙarau, wanda a yau ake lissafa shi daga Sanagal har Habasha. Cutar takan tashi da rani ta lafa da saukar damina. A annobar 1996 an ƙidaya wajen mutum 250,000 da suka kamu a wannan yanki, 25,000 suka rasu. A 2015 Nijar kaɗai ta ga wajen mutum 8,500, fiye da 500 suka riga mu gidan gaskiya, duk da rigakafin MenAfriVac da aka fara a 2010, domin wani jinsin ƙwayar ne dabam ya ɓullo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum ɗaya cikin biyar da suka kamu yakan tashi da naƙasa mai ɗorewa, kurumta kuwa tana cikin waɗanda suka fi yawa.

Ga irin wannan kurumta, wadda na'urar ƙara sauti ba ta yi mata komai, akwai na'urar da ake dasawa a cikin kunne, wadda Faransawa ke ce wa implant cochléaire. A nan za mu kira ta na'urar dashen ji. Na'urorin da aka dasa a duniya sun kai miliyan ɗaya wajajen 2022. Tsadarta ta wuce miliyan goma na kuɗin sefa, ban da aikin tiyata da kulawar shekaru, saboda haka ba mu ce gobe za ta cika ƙauyukan Kornaka ba. Amma tambayar da take jefa wa mai nazarin harshe ba ta jira sai ta yi araha: maganar da ke ratsa wannan na'ura, me ke isa ga mai saurare daga cikinta, me ke zubewa a hanya, idan maganar Hausa ce?

2. Kunne da na'ura

Can cikin kunne, bayan dodon kunne da ƙananan ƙasusuwa uku, akwai wani bututu mai tsawon milimita 35 ko kusa da haka, naɗe kamar katantanwa. Sunansa a harsunan Turai ma daga katantanwar ya samo asali, shi ya sa muka ga ya dace a ce katantanwar kunne. Georg von Békésy, wanda ya sami lambar Nobel a 1961, ya nuna cewa kowane wuri na bututun da irin sautin da yake amsawa: siririn sauti a bakin katantanwa, kakkaura a can ƙuryarta. Ƙwayoyin gashi na ciki kimanin 3,500 ne ke mai da girgizar sauti saƙon lantarki, su miƙa wa jijiyar ji mai zare wajen 30,000. Sanƙarau waɗannan ƙwayoyi yake kashewa, ba su kuwa sake tsirowa. Sau da yawa jijiyar tana nan da rai.

Aikin na'urar shi ne ta tsallake matattun ƙwayoyin ta taɓa jijiya kai tsaye. Kashi biyu ce. Na waje yana bayan kunne, da makirfo da pil da masarrafin magana. Na ciki yana ƙarƙashin fatar kai, da wani siririn zare da likita ke zurawa cikin katantanwa, ɗauke da ƙananan tashoshin lantarki: 22 a na'urar kamfanin Cochlear, 16 a ta Advanced Bionics, 12 a ta MED-EL. Mai karatu ya riƙe waɗannan alƙaluma, ya gwama su da 3,500.

3. Wayar iska hawa uku

Tsakanin kashin waje da na ciki babu wata waya. Kowanne yana da naɗin siririyar waya mai siffar gammo, ɗaya a bisa fata ɗaya a ƙarƙashinta, mayen ƙarfe na riƙe su daura da juna. Gammon waje yana aika igiyar rediyo, ta ratsa fata, gammon ciki ya karɓa. Igiyar tana girgiza sau miliyan 5 a sakan a na'urorin Cochlear, miliyan 12 a na MED-EL, miliyan 49 a na Advanced Bionics. Kaya biyu take ɗauke da su a tafiya ɗaya: wutar da kashin ciki ke aiki da ita, tun da ba shi da pil na kansa, da kuma umarnin da ke cewa tasha kaza ta buga, da ƙarfi kaza, a lokaci kaza. Hanyar tana kuma komowa da labari, domin kashin ciki na iya auna yadda jijiya ta amsa ya aiko da shi waje. Da haka ake daidaita na'urar jinjirin da bai iya cewa ya ji ko bai ji ba.

Wannan dabara ta girmi kwamfuta ta zamani. Ran 25 ga Fabrairu 1957, a Paris, André Djourno da Charles Eyriès suka dasa wa wani kurma gammon waya, suka aika masa saƙo ta cikin fata. Ya ji wani abu kamar kukan gyare, daga baya ya riƙa gane kalmomi kaɗan, kafin na'urar ta lalace. William House ya ɗauki aikin a Amurka daga 1961. Claude-Henri Chouard a Paris a 1976, Ingeborg da Erwin Hochmair a Biyana a 1977, da Graeme Clark a Ostareliya a 1978 suka kawo masu tashoshi da yawa. An taɓa gwada wata hanyar: na'urar Ineraid ta jihar Utah tana da soket da ya huda fata, ana cusa masa waya. Saƙo ya fi isa da tsabta, amma ƙofa ce buɗe ga ƙwayoyin cuta, aka bar ta. Wanda ya san ƙurar hunturu a kwarin Tarka ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan.

Sai dai kowane sauƙi da kuɗinsa. Wani kashi mai yawa na wutar yana ɓacewa wajen ratsa fata, shi ya sa pil biyu na zubarwa ba su wuce kwana biyu ko uku, mai caji kuwa kusan kullum sai an ɗora shi a wuta. Ranar da pil ya mutu, yaro ya koma kurma kamar yadda yake da. A garin da ake kai tarho caji kasuwa, ko wurin mai faranti na hasken rana, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Hawa na biyu shi ne tsakanin bakin mai magana da kunnen mai na'ura. A fili, duk lokacin da tazara ta ninka, ƙarfin sauti yakan ragu da desibel 6. Makirfo da ke rataye santimita 15 daga bakin malami, idan aka gwama shi da kunnen yaron da ke zaune mita 5, ninki biyar ke nan, wato wajen desibel 30. A ajin zana, inda iska ke kaɗawa kuma ana jin karatun ajin da ke maƙwabtaka, muryar malami takan nutse cikin hayaniya kafin ta kai layin baya. Mai lafiyayyen kunne yana tsamo ta, mai na'ura ba ya iyawa. Maganin shi ne malami ya rataya makirfo marar waya, muryarsa ta tafi kai tsaye cikin masarrafin yaro. Da farko da igiyar FM ake yi. Daga 2013 tsarin Roger na kamfanin Phonak ya koma igiyar da ke girgiza sau biliyan 2.4 a sakan, wadda Bluetooth ma ke bi. A 2017 masarrafin Nucleus 7 ya fara karɓar sauti kai tsaye daga wayar iPhone, a 2022 kuma aka sanar da tsarin Auracast, wanda zai bar mai magana ɗaya ya watsa wa masu saurare da yawa.

Hawa na uku shi ne tsakanin mai na'ura da ƙwararren da ke daidaita ta. Kowace tasha sai an auna mata mafi ƙarancin wutar da ake ji da mafi yawan da ba ya cutarwa, a kuma sake aunawa sau da yawa a shekarar farko. Daga Dakoro zuwa Maraɗi ya fi kilomita 100, daga Maraɗi zuwa Yamai ya fi 600. A 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da daidaita na'ura daga nesa ta intanet. A ganinmu, ga ƙasa irin tamu, wannan ya fi duk sauran ƙawa muhimmanci.

4. Abin da ke ratsawa da abin da ke zubewa

Duk waɗannan hanyoyi dako kawai suke yi. Abin da aka ɗora musu, masarrafi ne ya zaɓe shi, kuma a nan ne maganar ta shigo gonar ilimin harshe.

Tsarin da akasarin na'urori suka gada shi ne wanda Blake Wilson da abokan aikinsa suka bayyana a 1991. Ana raba sauti kashi-kashi daga kakkaura zuwa siriri, kowane kashi da tasharsa. A cikin kowane kashi ana auna hawa da saukar ƙarfin sauti kawai, a zubar da ƙananan girgizar da ke ciki. Robert Shannon ya nuna a 1995 cewa kashi huɗu rak sun isa a fahimci jimloli idan babu hayaniya. Gaskiya ne, amma jimlolin na Ingilishi ne. Ingilishi da Faransanci da Jamusanci, harsunan waɗanda suka ƙera na'urar, ba su bambanta kalma da kalma ta karin sauti.

Hausa tana yi. Za mu rubuta misalai da ruɓanya dogon wasali, alamar ` a bisa gaɓa mai karin ƙasa, ^ a bisa mai faɗuwa, mai karin sama kuwa ba alama:

kuukaa (na hawaye), kuukàa (itace)
wuyàa (na jiki), wùyaa (wahala)
kai (wakilin suna), kâi (na jiki)
bàaba (uba), baabà (uwa ko gwaggo), baabaa (na rini)

Karin sauti ya dogara ga saurin girgizar tantanin maƙwallato: wajen 100 zuwa 150 a sakan ga namiji, 200 zuwa 250 ga mace, kusan 300 ga ƙaramin yaro. Lafiyayyen kunne yana gane shi ta hanyoyi biyu, wato wurin da ya girgiza a katantanwa da kuma ƙananan girgizar nan. Na'ura ta raunana duka biyun. Tashoshinta sun yi kaɗan, wutar kowace tana malala kan maƙwabtanta, har bincike ya nuna da wuya mai na'ura ya amfana da fiye da takwas a lokaci guda. Zaren kuma ba ya kaiwa ƙuryar katantanwa. Abin da ya rage shi ne ɗan rawar da girgizar murya ke bari a kan hawa da saukar ƙarfi, shi ma yakan dushe idan ya haura wajen 300 a sakan. Ma'ana, karin muryar uba ya fi isa ga yaro a kan na uwa, na uwa ya fi na abokan wasansa. Hayaniya kuwa wannan ɗan rawar take fara shafewa, abin da ke ƙara wa makirfon malami daraja a ajin Hausa fiye da ajin Faransanci.

Ana iya cewa na'urar kishiyar kalangu ce. Kalangu yana ɗaukar kari da nauyin gaɓa ya bar baƙaƙe da wasula, Bahaushe ya cike sauran da kansa ya gane kirarin da ake yi. Na'ura tana ɗaukar nauyin gaɓa da wani rabo na baƙaƙe da wasula, ta bar kari.

An yi nazari mai yawa a kan Sinanci, mai kari huɗu a harshen Mandarin da shida a na Kanton. Abin da ya fito shi ne yara masu na'ura sun bambanta ƙwarai, wasu na gane kari sosai wasu kusan cinta suke, waɗanda aka dasa wa da wuri sun fi, kuma duk suna faɗuwa cikin hayaniya. Bai kamata a kwaso wannan sakamako a ɗora wa Hausa ba tare da lura ba. Karin Mandarin lanƙwasa ne a cikin gaɓa ɗaya, kuma kowanne yana tafe da tsawonsa da yanayin ƙarfinsa, waɗanda na'ura ke isarwa. Karin Hausa mataki ne, sama ko ƙasa, ba a gane shi sai an gwama gaɓa da maƙwabciyarta. Tsawo kuwa a Hausa yana da nasa aikin: gàrii da gàarii karinsu ɗaya, tsawon wasali ne ya raba wurin zama da abin tuwo. Ga kuma gangarar murya a cikin jimla, inda karin sama da ya biyo bayan na ƙasa yakan sauko, har na ƙarshen doguwar jimla ya kan yi ƙasa da karin ƙasa na farkonta. Muna zaton aikin mai na'ura a Hausa ya fi wuya ta wannan fuska, kuma gwaji ne zai raba gardama.

Wani zai ce ai muhallin magana yana warware kuukaa da kuukàa, ba wanda zai yi miyar hawaye. Haka ne. Inda abin ya fi ciwo shi ne nahawu. A daidaitacciyar Hausa:

yaa zoo (shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya)
ya zoo (shuɗaɗɗen lokaci na biyu, kamar a "shi ne ya zo")
yà zoo (umarni ko fata)
yâa zoo (lokaci mai zuwa na biyu)

Tsawo ya raba su gida biyu, na'ura za ta isar da wannan. Amma a cikin kowane gida kari kaɗai ya rage: tsakanin abin da ya riga ya faru da abin da ake tsammani, tsakanin labari da umarni. Kallon leɓe ba ya taimako, domin ba a ganin kari a baki. Bambancin b da d, wanda na'ura kan rikita, ido yana gyara shi. Na kari ba mai gyarawa. Haka ma ido bai raba bàakii da bàaƙii, ko da yake a nan muna sa ran na'ura za ta taimaka, tun da fashewar ƙ da ɗan shirun da ke bin ta al'amari ne na lokaci da ƙarfi.

A nan Hausar yamma, wadda ake ji a Gobir da Adar da ƙasar Dakoro, ta zo da abin mamaki. Inda Kano ke cewa ya zoo, mutumin yamma yaz zoo yake cewa, da ruɓanya baƙi, kamar yadda yake cewa yat tahi, yac ce. Inda Kano ke cewa yà zoo, shi shì zoo yake cewa. Bernard Caron ya bayyana irin wannan tsari a nazarinsa na Hausar Adar na 1991. Ruɓanya baƙi tsawo ne, sh kuwa siririn sauti ne mai ƙarfi, dukansu na'ura tana isar da su da kyau. Ke nan karin harshen da ake yi wa kallon na ƙauye ya fi daidaitacciyar Hausa sauƙin ratsa na'ura a wannan wuri. Mai koyar da yaron Dakoro da ya hana shi yaz zoo don a bi littafi, ya ƙwace masa sandar da yake dogarawa.

A lura kuma cewa Fulatanci da Tamajak, da ake ji yau da kullum a kasuwannin wannan ƙasa, ba su da irin wannan kari, Zabarmanci da Barbarci kuwa suna da shi. Matsalar ba ɗaya ba ce ga dukan ƴaƴan ƙasa.

5. Abin da ya rataya a wuyanmu

Na farko shi ne kayan gwaji. A ƙasashe masu aiki da Faransanci, da jerin kalmomin Fournier da na Lafon aka saba auna fahimtar magana. Yaron da bai shiga lakwal ba, ba a auna shi da harshen da bai sani ba. Wanda ya shiga kuma yana iya cin gwajin sarai alhali bai raba wuyàa da wùyaa. Sautuka shida na Daniel Ling da iyaye ke gwada na'ura da su kowace safiya, wato m, u, a, i, sh, s, duk akwai su a Hausa, sai dai ba wanda ya taɓa kari a cikinsu. Ana bukatar jerin tagwayen kalmomi na Hausa, kashi na kari, kashi na tsawon wasali, kashi na ɓ, ɗ, ƙ, ts, ƴ da takwarorinsu, waɗanda za a iya zana su a hoto, a ɗauke su da muryar namiji da ta mace da ta yaro, a Hausar yamma da ta gabas. Wannan aikin masu nazarin harshe ne, ba ya bukatar ɗakin tiyata, kuma zai amfani masu na'urar ƙara sauti, waɗanda suka fi yawa nesa ba kusa ba.

Na biyu ya shafi rubutu. Ƙa'idar da muke bi, tun daidaitawar Yamai ta 1980 har dokar 1999, ba ta nuna kari ko tsawon wasali, bisa hujjar cewa mai harshe yana cikewa daga abin da kunnensa ya sani. Hujja ce mai ƙarfi ga mai ji. Ga wanda kunnensa bai ba shi kari ba, misalan nan huɗu na sama duk "ya zo" ne a takarda, wato rubutu ya yi shiru daidai inda na'ura ta yi shiru. Ba muna neman a sake ƙa'idar kowa ba ne. Muna cewa littattafan farko na irin waɗannan yara su ɗauki alamomin, a riƙa rage su sannu a hankali, kamar yadda almajiri ke farawa da rubutu mai wasali kafin ya iya marar wasali. Ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan: ajami yana nuna dogon wasali da alif da wawu da ya, kuma jaridun yaƙi da jahilci na bayan taron Bamako na 1966 sun ruɓanya wasali har a sunayensu, kamar Gangaa da Saabon Ra'ayii. Tun 1973 ake koyarwa da Hausa a makarantun gwaji, a 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ba ta matsayin harshen ƙasa. Duk shirin da za a yi a kan haka, ya kamata a san cewa cikin kowace gunduma akwai yaran da sanƙarau ya taɓa.

Yaron da ya kurumce yana ɗan shekara biyar ko shida ya riga ya mallaki karin harshensa, yana cikin ƙwaƙwalwarsa da bakinsa, kuma irinsa ne ya fi cin moriyar na'ura. Amma sanƙarau yakan sa katantanwa ta fara cikewa da ƙashi cikin makonni ko watanni, har zaren ya kasa shiga. Saboda haka auna jin duk yaron da ya tashi daga wannan cuta, kafin a sallame shi daga likita, shi ne matakin da komai ya rataya a kansa.

Mafi yawan kuramen Dakoro ba za su sami na'ura ba a wannan zamani, wanda ya samu ma kurma ne da dare, da lokacin wanka, da ranar da pil ya ƙare. Hausawa suna da maganar hannu tasu, wadda Constanze Schmaling ta bayyana a littafinta na 2000 bisa binciken da ta yi a Kano. Makarantun kurame na ƙasashe masu Faransanci kuwa, irin su Hassane Bana Bâ ta Yamai, sun fi bin alamomin da suka samo asali daga Amurka, ta hanyar aikin Andrew Foster, wanda ya buɗe makarantarsa ta farko a Ankara a 1957. Tazarar da ke tsakanin hannun gida da hannun makaranta ita ma tana jiran wanda zai auna ta, ƙauye-ƙauye, kamar yadda aka yi wa karorin Hausar baka.